Kafin a ce maka injin rota ya mutu

Motocin Mazda masu injin rota ba su da yawa a Jidda da Makka, amma akwai su, wasu ma a hannun 'yan'uwanmu Hausawa suke. Akwai samarin da aka haifa a nan da suka sayi RX-8 ganin ta yi arha, akwai kuma 'yan tsirarun da ke riƙe da RX-7 suna lallaɓa ta shekara da shekaru. Kukansu kusan iri ɗaya ne. Mutum na cikin tafiya lafiya lau a titin Haramain ko a babbar hanyar Makka, ya taka totur zai wuce tirela, sai motar ta yi laƙwas, ta ƙi ɗauka. Idan ya kai ta warsha, wato garejin gyara, a Sana'iyya, unguwar kanikawa, mu'allim, wato babban bakanike, ya ɗaga bonet ya ga injin da bai saba da shi ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan makina ta gama." Sau da yawa ana yanke wannan hukunci ba a kwance ko fulogi ɗaya ba.

Wani lokacin gaskiya ne, injin ya tafi. Amma abubuwan da ke sa injin rota ya saki ƙarfi farat ɗaya suna da yawa, kuma galibinsu a jikinsa suke daga waje, ba a cikinsa ba. Abin da ya fi damuna ma ba saurin hukuncin bakanike ba ne. Mai motar ne da zai ji ta yi rauni ya ce bari in lallaɓa in kai gida, gobe ma ya lallaɓa ya je aiki, har mako ya zagayo. Injin fistan yakan jure irin wannan. Injin rota ba ya jurewa, domin ƙaramin laifi na waje yana da hanyar da yake bi ya shiga ciki, ya ci abin da ba ya gyaruwa sai an wargaza injin gaba ɗaya.

Sai an san yadda cikinsa yake kafin a gane dalili. Babu fistan a ciki, babu bawul. Wani ƙarfe ne mai tsini uku da ake kira rota, tana zagayawa a cikin gidan da siffarsa ta yi kusa da lamba 8. Kowace fuska daga cikin ukun tana da ɗaki nata tsakaninta da bangon gidan. Yayin da rota ke juyawa, ɗakin yana buɗewa ya shaƙi iska da mai, ya tsuke ya matse su, wuta ta kama, sannan ya tura hayaƙi waje. Injin 13B da ke cikin yawancin waɗannan motoci rota biyu gare shi, kowace da cc 654, wato ɗakuna shida ke aiki. Sandar tsakiya tana juyi uku kafin rota ta yi ɗaya, kuma kowace rota tana ba da bugun wuta ɗaya a kowane juyin sandar. Abin da ke raba ɗaki da ɗaki wani siririn ƙarfe ne a kan kowane tsini, kaurinsa milimita 2 a injinan baya-bayan nan, milimita 3 a na da. Shi ne sil ɗin tsini, wanda sunansa kawai ke firgita masu motar. Akwai kuma sil na gefe, da ƙanana da ke haɗa su. Duk suna gogar bango ba hutawa, shi ya sa injin ke da ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta da gangan. Shan baƙin mai a wannan inji tsarinsa ne, ba ciwo ba.

Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, samfurin farko ya tashi a kamfanin NSU a 1957, Mazda ta karɓi lasisi a 1961 ta fitar da Cosmo Sport a 1967. Abin da ya shafi mai bincike a nan shi ne shekaru. Daga 1978 zuwa 2002 aka yi RX-7, RX-8 kuwa daga 2003 zuwa 2012. Mafi ƙuruciyar wadda za ka gani a titi ta haura shekara goma, kuma duk robar da ke jikinta, tiyo ne ko rigar waya, ta sha ranar Hijaz daga sama, ta sha zafin inji daga ƙasa. Injin rota kuwa hayaƙinsa ya fi na injin fistan zafi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 45, kamar Makka, kayan da ke ƙarƙashin bonet suna tsufa kafin lokacinsu.

Bincike tun kana kan sitiyari yake farawa, domin yadda ƙarfin ya tafi shi ne rabin amsar. Idan allurar juyin inji tana hawa amma gudu ba ya ƙaruwa, a bar inji ya huta da zargi, kuloci ne ke sulɓewa. Idan ƙarfin ya faɗi rabi a lokaci guda, motar na jijjiga, sautin salansa ya canza, silo, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, ya ƙi tsayawa, to rota ɗaya ce ta daina aiki, saura a gano ko wuta ta rasa, ko mai, ko matsi. Idan tana tafiya lafiya a ƙasa amma da ta kai wani juyi sai ta tokare, wannan wani babi ne. Idan kuma da safe lafiya take sai an yi rabin awa ana tafiya take sanyi, zafi ne ke tona asirin wani abu mai rauni. Ka riƙe waɗannan a kanka: a wane juyi, a wace giya, da zafi ko da sanyi, tanki cike ko ya yi ƙasa, kwandishan a kunne ko a kashe. Bakaniken da ya san aikinsa zai fi amfana da wannan bayani fiye da "kawai ta daina ja".

Abu biyu ne ba a jayayya da su. Fitilar inji mai ƙyaftawa, ba mai tsayawa a kunne ba, tana nufin wuta na tsallake bugu har ya kai matakin lalata tukunyar tace hayaƙi. Allurar zafi kuma idan ta gota tsakiya, an riga an makara, domin a RX-8 da RX-7 ta ƙarshe an tsara ta ne ta zauna a tsakiya duk da zafin na hawa, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. A duka biyun ka gangara gefe, ka kashe, ka kira sattaha, wato motar da ke ɗaukar mota a bayanta. Kuɗin sattaha daga hanyar Makka zuwa Jidda bai kai kuɗin gidan rota ɗaya ba.

Akwai raunin da ba laifi ba ne, gara in ambace shi don kada a kashe kuɗi a banza. Wanda ya taso daga Jidda da ke bakin teku ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if ya hau kusan mita 2,000, inda iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Injin da ba shi da turbo zai rasa ƙarfi gwargwadon haka, RX-8 kuma dama ba ta da ƙarfi a ƙananan juyi, sai an kai ta sama take nuna kanta. Wannan rauni a hankali yake zuwa tare da hawan dutsen, kuma yana tafiya idan an sauko. Wanda ya zo farat ɗaya a tsakiyar hawa, shi ne abin tuhuma.

Wuta ce wurin da zan fara dubawa a kowace mota irin wannan, musamman RX-8. Ɗakin wutar injin rota dogo ne siriri, harshen wuta ba ya cinye shi da sauƙi, don haka kowace rota fulogi biyu gare ta: na ƙasa, wanda shi ne jagora kuma shi ke ɗauke da kusan dukkan aikin, da na sama mai biyo baya yana ƙone ragowar. Idan na sama ya mutu, da ƙyar direba zai lura. Idan na ƙasa ya mutu, rabin motar ya tafi. RX-8 koyil huɗu gare ta, wato abin da ke tura wa fulogi wuta, ɗaya ga kowane fulogi, kuma kowannensu yana harbi a kowane juyin sanda, wato ninkin abin da koyil ɗin injin fistan ke yi, a injin da ke kaiwa juyi 9,000 a minti, a cikin wannan zafi. Shi ya sa masu motar da yawa ba sa jiran ya mutu, suna canza koyil da waya da fulogi tare kusan kowane kilomita 50,000.

Ga yadda mataccen koyil ke kashe inji. Man da bai ƙone a ɗaki ba yana wanke baƙin man da ke jikin bango, sil-sil su rinƙa gogar ƙarfe a bushe. Ragowarsa ya fita ɗanye ya shiga tukunyar tace hayaƙi, wadda a warsha ake ce wa dabbatul bi'a, ya kama da wuta a can. Saƙar da ke cikin tukunyar ta narke ta toshe hanya. Hayaƙi ya rasa mafita, zafi ya koma baya. A injin RX-8, wanda ake kira Renesis, ƙofofin fitar hayaƙi a bangon gefe suke, ba a jikin gidan rota ba kamar na RX-7, don haka zafin da ya dawo yana sauka ne daidai kan sil na gefe da 'yan sifirin da ke tura su. Da sun yi laushi, matsi ya tafi. Abin da ya fara da kayan da za ka saya ka ɗaura da yamma ɗaya ya ƙare da sauke inji. Wannan ce sarƙar da nake nufi, kuma mutumin da ke lallaɓawa ya kai gida yana ja mata zare ne da hannunsa.

Gwajin wuta ba shi da wuya. Da na'urar gwada tartsatsi ake duba kowane koyil ɗaya bayan ɗaya, kuma an fi samun gaskiya idan injin na da zafi, domin koyil mai rauni yakan yi aiki da sanyi ya gaza da zafi. Kwamfutar bincike za ta iya nuna P0301 ko P0302, wato tsallaken wuta a rota ta gaba ko ta baya, amma rashin lamba ba shaidar lafiya ba ce. A kwance fulogin a kalle su: wanda ya jiƙe da fetur ko ya yi baƙi ƙirin yana faɗin rotar da ke da matsala. A kula wajen mayarwa, domin na ƙasa da na sama ba iri ɗaya ba ne, akwai harafin L a jikin na ƙasa, T a jikin na sama, kuma musanya wayoyinsu kaɗai ya isa ya mai da lafiyayyar mota gurguwa. Na kan ji tsoron koyil mai arha marar asali fiye da tsoho na ainihi. Wanda kuma motarsa ta fara wannan ciwo bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ko bayan ta ratsa ruwan saman da ke taruwa a titunan Jidda, ya fara busar da wayoyi da kawunan koyil kafin ya sayi komai. A tsohuwar RX-7 mai injin 12A da kafireto, wuta ta distiributa take bi, kuma akwai 'yan akwatunan kunna wuta biyu, na jagora da na mai biyo baya. Musanya su gwaji ne na kyauta: idan ƙarfi ya dawo, an kama ɓarawon.

Tukunyar da ta toshe tana da halinta. Motar na tashi lafiya, tana silo lafiya, tana yawo cikin unguwa ba matsala, amma da an nemi gudu sai ta tokare, kuma abin yana ƙaruwa da daɗewar tafiya. Wani lokaci ana jin wari, ko zafi na tasowa ta ƙasan kujera, idan an leƙa ƙarƙashi da dare a ga tukunyar ta yi ja. Wannan haɗarin gobara ne, ba na inji kaɗai ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a kwance ta a haska fitila a ga ko saƙar ta narke ko ta farfashe. Wasu sukan fasa cikin su zubar su mayar da fanko. Ban goyi bayan haka ba. Motar za ta yi wari, za ta iya samun matsala a wurin fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, kuma mafi muhimmanci, ba a taɓa abin da ya narkar da ita ba. Tukunya ba ta cika mutuwa don kanta ba. Duk wanda ya canza ta bai duba wuta ba, zai sake saye.

Sai mai. Famfon fetur a cikin tanki yake, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tsohon famfo, a tankin da ya kusa ƙarewa, a kan kwaltar da ke tafasa da azahar a hanyar Madina, yakan yi zafi ya rage turawa. Motar ta yi ta shiɗewa idan an taka, a tsaya minti ashirin ta dawo kamar ba ita ba. Tankin RX-8 gida biyu ne, hagu da dama, ana janyo mai daga ɗaya zuwa ɗayan, don haka idan ya yi ƙasa ana iya samun yankewar mai a doguwar kwana. Awon matsin mai a silo ba ya kama wannan laifi, sai an auna ana tafiya, ana takawa. A RX-7 matatar mai a waje take, ta samfurin ƙarshe kuma a wani lungu take can baya da hannu ba ya kaiwa da sauƙi, shi ya sa za ka tarar da motar da ba a taɓa canza mata ba.

Akwai kuskuren da ya shafe mu musamman a nan. Motocin da aka shigo da su daga Amurka littafinsu na cewa a sha fetur 91. Mutum ya je gidan mai ya ga 91 mai launin kore, ya fi arha, ya ce ai shi littafi ya faɗa. Lissafin Amurka daban yake da namu. Abin da suke kira 91 ya yi daidai da 95 namu ne ko sama da haka, wato mai launin ja. A RX-8, fetur mai ƙarancin daraja da zafin rana suna sa kwamfuta ta ja wuta baya don kare inji, ƙarfi ya ragu. A RX-7 mai turbo abin ya fi haka muni. Idan mai ya yi ƙaranci ko ya fashe kafin lokacinsa ana cikin matsin turbo, bugun da ke faruwa a ɗaki yana iya karya sil ɗin tsini cikin daƙiƙa. Mai turbo da ya ji motarsa na shiɗewa a sama kada ya sake takawa wai don ya tabbatar. Takawar tabbatarwar ce takan karya shi.

Inda motar ke tokarewa a wani juyi takamaimai, kowane samfuri da nasa tabon. RX-7 ta tsakiya, ta ƙarshen shekarun 1980, an san ta da tuntuɓe a wajen juyi 3,800, daidai inda nozul na biyu mai fesa mai ke shigowa aiki, kuma sau da yawa tsatsar wayoyin da ke haɗa inji da jikin mota ce sanadi, ko nozul ɗin da ya toshe. Ta ƙarshe, mai turbo biyu, na farko ke aiki a ƙasa, na biyu ya shigo a wajen juyi 4,500, kuma tarin ƙananan tiyo da bawul-bawul na lantarki ne ke tsara wannan miƙa aiki. Tiyo ɗaya ya tsage ko ya zame, turbo na biyu ba zai zo ba. Babban tiyon iska kuma idan ya fice daga mazauninsa, za a ji fus, baƙin hayaƙi ya biyo, ƙarfi ya ɓace, mai motar ya ɗauka inji ya fashe alhali maɗauri ne ya saki. RX-8 tana da ƙofofin iska da ke buɗewa mataki-mataki yayin da juyi ke hawa, kuma ta farkonsu takan maƙale da baƙin gawayi, ta bar lamba P2070. Ƙurar garuruwanmu tana rufe sensar auna iska, sensar da ke karanta juyin sanda a gaban inji kuma maganaɗisu ce, tana tara garin ƙarfe. Duka biyun gogewa suke so. Bayan goge ta biyun, a RX-8 ta 2004 zuwa 2008 ana murɗa makulli ba a tayar ba, a taka birki sau 20 da sauri, kwamfuta ta manta tsohon karatun ta koyi sabo. Kada kuma a manta da ɗan famfon baƙin man nan: a motocin da lantarki ke sarrafa shi, idan kwamfuta ta daina jin sa, da gangan take daƙile ƙarfin motar don kada a tuƙa inji a bushe.

Yanzu ga babbar tambaya, wato matsi. Ra'ayina shi ne a yi awonsa da wuri, da zarar an duba abubuwan da ido ke gani, kafin a fara sayen kaya. Na ga hikimar masu cewa a fara da mai arha, amma koyil huɗu da famfo da tukunya idan aka haɗa su ba arha ba ne, kuma zuba su a injin da sil ɗinsa ya karye asara ce. Awon matsi ne ke raba maganar gida biyu. Sai dai a yi shi yadda ya dace, domin a nan ake yawan yaudarar mutane ba da niyya ba. Ma'aunin injin fistan yana riƙe adadi mafi girma ne kawai. A rota mai fuska uku, fuska ɗaya lafiyayya za ta ɓoye biyu matattu, a ce maka matsi ya yi kyau. Ma'aunin rota na musamman yana ba da adadi uku ga kowace rota, shida ke nan, tare da saurin juyin sitata. Littafin gyaran RX-8 ya sa mizani a kilofaskal 830 a juyi 250 a minti, kusan fam 120 a irin ma'aunin iskar taya, mafi ƙaranci kuma 680, kuma bambanci tsakanin fuskoki kada ya wuce 150. Adadin da ba a faɗi juyinsa ba bai cika ba, domin raunin batir ko tsohuwar sitata suna saukar da shi, awon da aka yi a Ɗa'if kuma zai fi na Jidda ƙasa ko da injin ɗaya ne. Da zafin inji ake yi, an cire mai da wuta.

Inda babu wannan ma'auni, akwai dabara. A cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska a ma'aunin fistan, a ɗaura a ramin fulogin sama, a buga sitata ana kallon allura. Ko a bar ramin a buɗe a saurara. Lafiyayyar rota tana busa sau uku daidai wa daida, kamar luguden mata uku a turmi ɗaya, da taɓarya ɗaya ta yi sanyi kunne zai kama. Bugu ɗaya mai ƙarfi da biyu raunana yana nuna sil ɗin tsini, domin shi ke tsakanin ɗakuna biyu, idan ya tafi duka biyun ke zuba cikin juna. Biyu masu ƙarfi da ɗaya rarrauna ya fi nuna sil na gefe. Uku daidai amma duka ƙasa, tsufa ne, kuma irin wannan inji dama yakan daɗe yana ba da sanarwa: yana tashi da sanyi, amma idan ka tsaya shan mai da zafinsa sai ya yi ta gurnani kafin ya kama.

Ko a nan ma ba a gaggawa. Injin da ya cika da fetur, saboda an yi ta tayarwa ana kashewa da sanyi ko an yi ta buga sitata ba wuta, matsinsa na faɗuwa don an wanke baƙin man da ke toshe 'yan kafofi. A RX-8 ana take totur har ƙasa a buga sitata, kwamfuta ta yanke mai, ɗakuna su bushe. A wanke fulogi, a ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin, a tayar, ya yi zafi, sannan a auna. Haka kuma sil yakan maƙale a raminsa saboda gawayi ba tare da ya karye ba, musamman a motar da rayuwarta duka cunkoson Shara Mansur ce da 'yan gajerun tafiye-tafiye, ba ta taɓa ganin juyi mai yawa ba. Irin wannan wani lokaci yana sakewa bayan an jiƙa shi da maganin narkar da gawayi. Karyayye kuwa ba ya dawowa, kuma ci gaba da tayar da injin yana sa gutsuren ya karce gidan rota, a mai turbo ma ya fita ya ci fuka-fukin turbo.

Zafi yana da tasa hanyar kisan daban. Injin rota jeri ne na faranti: gidajen rota na alminiyom, bangayen da ke tsakaninsu na baƙin ƙarfe, dogayen kusoshi sun ɗaure su, zoben roba kuma ke hana ruwan sanyaya shiga ɗakin wuta. Alminiyom da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai da zafi, don haka tafasa ɗaya mai tsanani na iya sa zoben ya saki. Alamarsa farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari da safe, jijjiga na ɗan lokaci bayan tashi, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da kumfa na tasowa a bakin lagireto. Awon matsi na iya fitowa lafiya a irin wannan inji, sai an matsa iska a hanyar ruwa a ga ko tana riƙewa. Wanda ya tabbatar injinsa ya tafi ya nemo wani daga tashlih, wato wurin sayar da kayan tsofaffin motoci, ko daga Sharja, ya nemi adadin nan shida kafin ya biya, kuma kada ya ɗaura shi a kan tsohon koyil, tsohon lagireto da tukunyar da ba a leƙa cikinta ba.

Mafi wahala shi ne laifin da ke zuwa ya tafi, wanda da an isa warsha sai motar ta yi lafiya. Ga mai RX-8, ƙaramar na'urar karanta kwamfuta da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya tana da amfani ƙwarai, domin tana nuna ainihin zafin ruwa da lamba, da yawan iskar da ke shiga, da yadda kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi. A bar wani ya riƙe wayar a kujerar gefe, a bi hanyar da abin ya saba faruwa, a lokacin da ya saba faruwa, da tanki a matakin da ya saba. Idan kwamfuta na ta ƙara mai, a nemi iskar da ke satar shiga ko famfo mai rauni. Idan iskar da ke shiga ta kasa ƙaruwa duk da juyi na hawa, a koma kan tukunya da ƙofofin iska. Yawancin RX-7 ba su da wannan soket, nasu lambobin ta ƙyaftawar fitila ake ƙirga su, don haka a wurinsu ma'aunin matsin mai da na turbo da aka ɗaura na wucin gadi inda direba zai gani su ne za su yi wannan aiki.